Kujerar da Mai Labule Ta Kama

Shagonta a ƙarƙashin bene yake, tsakanin mai gyaran takalma da wani kanti da ke canja sana'a duk shekara. Faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Teburin yanka ya cinye rabi, keken ɗinki ya kama kusurwa, sauran wurin kuma na yadudduka ne, an jingine su a tsaye kamar masu jiran likita. Shekara ashirin da shida tana ɗinka labule a nan, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutanen titin. Mai Labule kawai. Ko 'yarta, in ta bugo waya daga garin da aure ya kai ta, wani lokaci haka take kiranta don tsokana.

Mace ce marar yawan magana. In mai saye ya zaɓi launin da ba zai karɓi ɗakinsa ba, ba ta musu da shi. Sai ta ɗauko wani ƙyallen ta ajiye kusa da nasa, ta koma kan keke, ta bar shi da idonsa. Yawanci da nata ake tafiya. Mijinta ya rasu tun 'yar tana firamare. Ƙaninta, wanda gemunsa ya yi fari amma har yau Auta ake ce masa, shi ke zuwa da motarsa ya kwashi labulen ya kai gidajen mutane ya kafa sanduna. Ban da shi, ba mai daɗewa a shagon.

A bayan tulin yadin, kan wani ɗan teburi, akwai tsohuwar kwamfutar da 'yarta ta bar mata. Sauran rayuwarta a nan take.

Lokacin tana budurwa akwai wani wasan kwaikwayo da ake yi a rediyo, Jirgin Laraba, labarin fasinjojin wani jirgin ƙasa da ke tashi sau ɗaya a mako. An yi shekara shida ana yinsa, rana ɗaya aka daina ba sallama, jirgin yana tsakiyar hanya. Faifan ma an ce babu. Sai da ta haura arba'in ta gano ashe ba ita kaɗai abin ya tsaya wa a rai ba. A wani dandali na intanet, inda kowa ke buɗe shafinsa ya riƙa rubutu kamar littafin sirri da aka bari a buɗe, ta tarar da mutum talatin da ɗaya suna tuno wasan kashi-kashi. Wannan ya kawo abin da ya riƙe, wancan ya gyara masa, wata ta rubuta yadda take ganin da an ƙarasa. Kowa ya ɗauki suna daga cikin jirgin. Akwai Mai Tasha, shi ne babbansu, akwai Mai Shayi, akwai Kwandasta. Ita ba ta wahalar da kanta ba, da Mai Labule ta shiga, tunda a wasan ma tagogin suna da labule.

Dokarsu biyu ce. Ta farko daga wasan suka ɗauko: fasinja ba ya tambayar fasinja inda ya fito, don haka ba suna, ba hoto, ba lambar waya. Ta biyu Mai Tasha ne ya kafa, bayan an kama wani yana riƙe da shafi biyu yana yabon kansa da kansa: mutum ɗaya, kujera ɗaya.

Dandalin yana barin mutum ya yi wa shafinsa ado, ya zaɓi launin bango, da irin haruffa, da layin gefe. Yawancinsu ba su iya ba, shafukansu sai ka ce rumfar kasuwa. Mai Labule ta yi wata biyu tana kallo, sannan ta fara yi musu abin da take yi wa masu saye, ta ajiye wani launin kusa da nasu ta yi shiru. Kafin shekara ta zagayo, duk wanda ya shigo sabo wurinta ake tura shi. Kowane launi yana da lamba shida da ake rubuta wa kwamfuta, ita kuwa a littafin awo take ajiye su, kusa da tsawon tagogin mutane. In tana neman wani launi, sai ta kara ƙyalle a jikin gilashin kwamfutar ta riƙa sauya lamba har su yi kama.

Ta haka ta san wadda ta sa wa kanta suna Kujera Ta Tara. Matar ta zo da buƙata ɗaya, koren kujerar jirgi, amma ba sabo ba, wanda rana ta ci. Mai Labule ta haɗa ta aika.

"Ya yi duhu, Yaya," in ji Kujera. "Wannan ai allon makaranta ne."

Ta sake wani.

"Wannan kuma ganye ne bayan ruwa. Ki rage masa farin ciki."

Kwana goma sha biyu suna haka. Ranar da aka dace, kalma ɗaya Kujera ta rubuto: "Shi." Mai Labule ta rubuta lambar a bangon littafin daga ciki, inda ba ta rubuta awon kowa.

Shekara goma sha ɗaya suka yi. Kullum da safe, kafin ta ɗaga ƙofar shago gaba ɗaya, sai ta karanta abin da Kujera ta rubuta, ta amsa mata a ƙasa. Ta san matar tana da kyanwa mai ƙin baƙi, ta san tagar ɗakinta bangon wani gini take kallo, ta san ba ta yarda an kashe direban jirgin a kashi na ɗari biyu ba, ko da kowa ya ce haka ya ji. Ba ta san garinta ba. Ba ta san ma wace ce babba a cikinsu ba, Yaya dai Kujera ta fara cewa, kalmar kuma ta zauna.

Sai wata safiya ta tarar da gajeren rubutu. "Ido ya matsa mini. Likita ya ce in rabu da gilashin kwamfuta har a yi aiki. Ku riƙe mini wurina."

Wata huɗu ba labari. A na biyar masu dandalin suka manna sanarwa a saman kowane shafi: za su rufe nan da mako bakwai. A makon ƙarshe za a tsayar da rubutu, sai dai karatu, daga nan kuma a share komai.

Aka yi hayaniya irin ta masu tashi daga gidan haya. Mai Tasha ya samo wani dandalin, waɗansu suka ce bai yi musu ba suka nufi wani wurin, waɗansu suka ce dama sun gaji. Ashirin da biyu suka bi shi. Sabon gida, kamar yadda suka riƙa kiransa, fari ne fat, da faɗi, kuma yana da wani ɗan ɗigo kusa da sunan kowa, kore in mutum yana ciki, ruwan toka in ba ya nan. Aikin ado ya dawo sabo, kowa yana kiran Mai Labule. Wannan yana son tsohon bangonsa, waccan ta ce tunda an tashi a canja mata duka.

A kwana na uku Mai Shayi ya je yin rajista aka ce masa an riga an ɗauki sunan. Da ya leƙa, wani mai tallan takalma ne. Dole ya koma Mai Shayi Na Biyu, aka yi ta yi masa dariya ana tambayarsa ko akwai takalmi lamba arba'in da uku. Mai Labule ba ta yi dariya ba. Washegari da Auta ya zo ɗaukar kaya ta ce ya ara mata imel ɗinsa.

"Imel ɗina kuma? Yaya, ko damfara kika fara da tsufanki?"

"Wuri zan kama wa wata."

"Wace ce?"

"Ba ka san ta ba."

"Ke kin san ta?"

Ta yanke zare da haƙori. Ya rubuta mata a jikin kwalin sanduna, yana cewa in 'yan sanda suka zo shi bai ga komai ba.

Ta yi rajistar Kujera Ta Tara a ranar. Lambar koren da ta sa sai ta fito daban a sabon gida, farin wurin ya sa ya yi haske, ta kwana huɗu tana rage masa har ya koma shi. Ta ƙara girman haruffa saboda idon. Sannan ta tuna rubutun shekara goma sha ɗaya zai tafi da tsohon gida, kuma mai shafi ne kaɗai ake ba damar kwashe nasa gaba ɗaya. Sai ta fara ɗebowa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, da safe da kuma tsakanin masu saye. Sun haura dubu. Amsoshin da ke ƙarƙashinsu ba su ɗaukuwa, nata da na kowa, saboda haka a sabon shafin sai Kujera ta zama tana magana ita kaɗai, tana tambaya ba mai ba ta amsa, tana dariyar abin da ba a ga wanda ya faɗa ba.

A tsohon shafin ta bar mata saƙo: "Mun tashi. Ga adireshin sabon gida." Maganar sunan ba ta sa ba. So take matar ta zo ta tarar da ɗaki a share, labule a rataye, ta ji abin da za ta ce.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne ɗigon. Duk lokacin da ta shiga jera rubutun, sai ya yi kore kusa da sunan Kujera. Kwandasta ce ta fara gani. Kafin rana ta yi tsaka shafin ya cika da barka da arziki.

"Ido ya buɗe ke nan, an ga hanyar gida!" in ji Mai Shayi Na Biyu. "Sauko ki gaida mutane, Hajiyar taga."

Mai Labule ta rubuta bayani a nata shafin, ta karanta, ta goge. Ta tuna yadda Mai Tasha ya yi wa mai shafi biyun nan a gaban kowa. Ta ce bari ta gama kwasar tukuna. Da ta gama, ta ce bari gobe. A tsakanin nan ta gano in ta bar shafin Kujera a buɗe a wayarta, ta shiga nata a kwamfuta, ɗigon yakan zauna kore a gefe duk tsawon yini, tana ɗinki tana ganinsa ta wutsiyar ido. Ba kullum take yin haka ba.

Mai Tasha mutum ne mai son tsari. Saura kwana ashirin ya manna jerin waɗanda suka ƙaura a ƙofar tsohon gida, ya ƙara da cewa: "Har Kujera Ta Tara ta iso, tana ta jera kayanta, ko kula mu ba ta yi. Jirgi ya cika."

A makon ne aka kawo wa Mai Labule aikin wani masauki, taga arba'in. Ta duƙufa, ita da keke, har yatsunta suka daina jin allura. Kwasa ta ƙare, kowa yana sabon gida, ba abin da zai kai ta tsohon. Kwana goma ba ta leƙa ba. Ranar Talata da Auta ya tafi da kashin farko, ta ce bari ta je ta yi wa wurin kallon ƙarshe.

A saman tsohon shafin Kujera akwai sabon rubutu, na ranar Lahadi. Haruffan sun ɗan hau juna, kamar na mai lalube.

"Sallama dai, mutanen jirgi. An yi aikin, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan sai a hankali. Na bi adireshin da Yaya ta bari. Na sa sunana aka ce an riga an ɗauka. Na leƙa, na ga wata a kujerata, da maganganuna, kuna ta yi mata barka. Ba komai, dama na daɗe. Abu ɗaya ne kawai. Koren nan, mutum ɗaya ce ta san shi. A sauka lafiya."

Mai Labule ta kai hannu wurin amsawa. Akwatin ya dushe, an rubuta a ciki cewa an tsayar da rubutu tun jiya Litinin. Ta danna duk da haka. Ta rufe kwamfutar ta sake kunnawa ta danna. Ta rubuta wa masu dandalin doguwar wasiƙa, amsa ta dawo kafin ta ɗauke hannu, ana gode mata da shekarun da ta yi tare da su.

Da Auta ya dawo ya same ta zaune da almakashi a cinya, yadi a shimfiɗe ba a taɓa ba. Sai da ya tambaya sau uku ta gaya masa, a gajarce, tana kallon tebur.

"To ki kira ta mana."

"Ba ni da lambarta."

"Shekara goma sha ɗaya, Yaya?"

"Doka ce."

"Wa ya kafa?"

Ta ce, "Wani mutum a rediyo."

Dariya ta taso masa, ya dubi fuskarta ya haɗiye. Ya ture kwali ya zauna a kan tulin yadi, abin da ta hana shi tun shekarun baya.

"Ki goge shafin," ya ce. "Sunan ya fita, in ta dawo ta ɗauka."

"In na goge, rubutun ya tafi. Tsohon saura kwana shida a share shi. Kuma mai takalma zai iya riga ta."

"To ki bar shi."

"In na bari, ni ce dai a ciki."

Ya sosa gemu. "Ni dai in na ga wani a kujerata, ko na yi fushi sai na sake leƙowa. In ga ko har yanzu yana nan, ɗan banza." Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Sauran kuma ke kika san mutanenki na cikin gilashi."

Da yamma, kafin ta sauke ƙofa, ta rubuta wa jama'a a nata shafin na sabon gida cewa ita ce ta kama kujerar. Layi biyar ne, ba ta nemi uzuri ba, ta kuma kwafo musu abin da Kujera ta bari. Amsar Mai Tasha ce ta fara zuwa: "Mai Labule, har da ke?" Kwandasta ta ce an mayar da su yara. Wata ta cire adon da aka yi mata ta koma farin bango. Mai Shayi Na Biyu ya ce, "Ashe wata guda ina gaida labule," bayan ɗan lokaci kuma ya ƙara, "Allah Ya sa ta gani."

Washegari ta shiga sabon shafin Kujera. Ta goge duk barkar da aka yi. A can sama, da haruffa mafi girma da dandalin ya yarda, ta rubuta: "Ba kowa a kujerar nan. Ni ce Yayarki, na kama miki ban faɗa ba. Laifina ne. Ga mabuɗin." Ta rubuta lambar sirrin a fili, harafi bayan harafi, inda duk mai wucewa zai gani.

Mai Tasha ya aiko mata a keɓe. "Kin san duk wanda ya shiga zai iya canja mabuɗin da imel ɗin duka? Ba mai iya dawo miki da shi."

"Na sani, Malam."

"Aikin mako uku fa."

"Ba nawa ba ne."

Ta fita daga shafin a kwamfuta, ta fita a waya. Ɗigon ya koma ruwan toka.

Ranar da aka sa, tsohon gida ya rufe. In ka sa adireshinsa sai farar takarda da layi ɗaya na ban haƙuri. Sabon gidan ma ya yi sanyi. Ana rubutu, amma ba kamar da ba, kuma an daina turo mata masu neman launi. Ta gama tagogin masaukin, ta karɓi na wani ofis. 'Yarta ta bugo ta ce muryarta ta canja, ta ce mura ce. Kullum da safe, ƙofa a rabi, takan buɗe shafin Kujera daga waje kamar kowa. Sanarwarta na nan, mabuɗin na nan a fili, ba wanda ya taɓa. Mako ɗaya, mako biyu, har aka shiga na uku.

Sai wata Asabar ta buɗe ta ɗauka ta yi ɓatan hanya. Koren babu. Bangon ya koma ruwan goro mai ihu, haruffan shuɗi a kansa, layin gefe ya karkace ya shiga cikin rubutu. An cire sanarwar. Ta gangara ƙasa da sauri, rubutun duk suna nan, tun daga na farko har zancen likita, ba a rage ko ɗaya ba, ba a kuma ƙara ba. Ɗigon ruwan toka ne. An zo an tafi tun kafin ta buɗe shago.

Ba ta san lokacin da hannunta ya sa lambar sirrin ba, layin nan kawai take so ta miƙar. Aka ce lambar ba daidai ba ce. Ta zauna tana kallon wurin.

Jama'a suka fara zance a ƙasa. Mai Shayi Na Biyu ya rantse ɗan'uwan mai takalma ne, ya ce a saurari tallan jaka. Kwandasta ta ce ɓarawo ba ya barin kaya a jere. Mai Tasha ya ce kowa ya yi shiru a jira. Mai Labule ta ga abu biyu ne: ko baƙo ne marar ido, ko mai wurin ce ta dawo ba ta son koren kuma. Ta juya su a ranta, ba ta sami wanda ya fi sauƙi ba.

Ta buɗe akwatin baƙi da ke ƙasan shafin. Ta rubuta cewa shuɗi a kan ruwan goro yana gajiyar da ido, ta goge. Ta rubuta doguwar magana, ta goge ita ma. Daga ƙarshe ta bar kalma uku, "Sannu da zuwa," ta aika.

A bakin ƙofa wata mata tana ta sallama, da awon taga a rubuce a bayan ambulan. Mai Labule ta amsa, ta ɗaga ƙofar har sama. Kafin ta karɓi ambulan ɗin, ta koma ta ɗan juya kwamfutar yadda za ta riƙa hango ta daga kan keke.